Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Bin Doka da Kula da Haɗari a Kamfanoni

'Yan'uwa mambobi, barkanmu da zagayowar shekara. Kwamitin zartarwa ya shirya wannan rahoto domin ku san inda aka kwana kan ayyukan da babban taron bara ya ɗora mana: ziyarar duba juna tsakanin kamfanonin mambobi, horar da jami'ai, da gyaran takardun aiki da ƙungiya ke rabawa. Bayanin kuɗin shiga da na fita yana cikin takardar ma'aji, za a karanta ta daban.

Ziyarar duba juna

Wannan aiki ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya fi ƙara mana ilimi. Tsarinsa shi ne jami'ai biyu daga wasu kamfanoni su je inda aka gayyace su, su tsamo wasu biyan kuɗi daga littafi da hannunsu, ba tare da mai masauki ya zaɓa musu ba, sannan su bi kowane ɗaya tun daga takardar oda har zuwa bayanin banki.

Kusan duk inda aka je an tarar da kundin manufofi a rubuce, da sa hannu da hatimi. Wajen shaida ne gizo ke saƙa. Idan manufa ta ce mutum biyu ne ke amincewa kafin a biya, mai dubawa zai nemi sunan na biyun, ranar da ya amince, da abin da ya gani kafin ya amince. Sau da yawa sai a ga sa hannunsa ya zo bayan kuɗin ya fita, ko kuma shi da na farkon kalmar sirri guda suke shiga manhajar lissafi da ita. An yi kitso da ƙwarƙwata ke nan, domin ranar da abu ya ɓaci babu wanda zai iya nuna wa ya yi me.

Ayyuka huɗu ne muka shawarci mambobi kada su taɓa haɗa su a hannun mutum ɗaya: shigar da sabon mai kawo kaya cikin rajista, amincewa da takardar neman biya, tura kuɗin, da daidaita littafi da bayanin banki a ƙarshen wata. Irin wannan haɗa ayyuka a hannun mutum ɗaya ne ya kayar da bankin Barings na Ingila a 1995. Nick Leeson ne ke yin ciniki a ofishin Singafo, kuma shi ne ke kula da sashen da ke rubuta cinikin, sai ya riƙa ɓoye asara a wani asusu mai lamba 88888 har ta kai fam miliyan 827. Masu ƙananan kamfanoni sun ce mana ba su da ma'aikatan da za su raba aiki gida huɗu, kuma gaskiyarsu ce. Mafitarsu ita ce bayanin banki ya riƙa zuwa wa mai kamfani kai tsaye daga banki, ya duba shi da kansa kowane wata, kuma a tilasta wa mai riƙe da littafi hutun mako biyu a jere, wani ya zauna a kujerarsa. Maganar karɓar bayani kai tsaye ba ƙarama ba ce: a 2020 kamfanin Wirecard na Jamus ya rushe bayan an gano cewa Yuro biliyan 1.9 da aka ce suna ajiye a bankunan Filifin babu su.

Ƙorafin da ya fi yawa a bana shi ne damfarar canza asusu. Saƙon imel ne ke zuwa da sunan mai kawo kaya da aka daɗe ana hulɗa da shi, da tambarinsa da irin gaisuwarsa, yana cewa sun koma wani banki, a tura kuɗin wannan watan can. Wani lokaci harafi ɗaya ne aka sauya a adireshin, wani lokaci kuma akwatin imel ɗin nasa na gaskiya aka yi wa kutse, don haka duba adireshi kaɗai bai isa ba. Ƙa'idar da muka fitar ita ce a dakatar da biyan, a kira mai kayan ta lambar da ke cikin fayil ɗinsa tun asali, kada a kira lambar da ta zo cikin saƙon. Wanda ya kira ya rubuta sunan wanda ya yi magana da shi da lokacin, sannan wani jami'i daban ya shigar da canjin. Idan saƙo ya zo da gaggawa da roƙon kada a sanar da kowa, wannan kansa dalili ne na tsayawa.

Horo kan sanin abokin hulɗa

An gina darussan kan shawarwari 40 na hukumar FATF ta ƙasa da ƙasa, wadda aka kafa a 1989 domin yaƙi da halatta kuɗin haram. Mahalarta sun fi shan wuya wajen gano ainihin mamallakin kamfani idan an jera kamfanoni bisa kamfanoni. A 2022 hukumar ta tsaurara shawara ta 24, wadda ta shafi gano ainihin mamallakin kamfani, kuma inda ƙasa ta ƙayyade kason hannun jarin da zai sa a ɗauki mutum mamallaki, bai kamata ya wuce kashi 25 cikin ɗari ba. Lissafin ninkawa ake yi. Idan wani kamfani ya mallaki kashi 60 na abokin hulɗarku, wani mutum kuma ya mallaki rabin wancan kamfanin, to yana da kashi 30 ke nan, dole a karɓi takardun shaidarsa ko da sunansa bai fito a takardar rajista ba. Kaso ma ba shi ne komai ba, domin wanda ke da ikon naɗa daraktoci ko sauke su mai iko ne ko da hannun jarinsa kaɗan ne.

An kuma tunatar da jami'ai abu biyu da ake yawan sakaci da su. Takardun abokin hulɗa ana ajiye su aƙalla shekara biyar bayan hulɗa ta ƙare, ƙidayar ba daga ranar buɗe fayil take farawa ba. Sannan idan an kai rahoton ma'amala mai alamar tambaya ga hukuma, haramun ne a tsegunta wa mai ita, ko da ta hanyar ce masa «akwai ɗan bincike a kanka».

Rajistar haɗari

Mun sake fasalin takardar jera haɗurran kamfani da muke rabawa bisa tsarin ISO 31000 na 2018, wato jagorar ƙasa da ƙasa kan kula da haɗari. Kowane haɗari ana ba shi maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na yiwuwar faruwa, ɗaya na girman ɓarna, a ninka su, mafi girma ya zama 25. Tsohuwar takardar ta bar kowa da ra'ayinsa, sai aka wayi gari kusan komai 3 sau 3 ne, maki 9, ba sama ba ƙasa, ba wanda zai tashi hankalin daraktoci. Yanzu dole kamfani ya rubuta ma'anar kowane maki tukuna: ɓarna ta 4 kaso nawa ne na ribar shekara, ko kwana nawa aiki zai tsaya. An ƙara gurbin maki kafin a sa matakin kariya da bayan an sa, da sunan mutum guda da ke da alhakin haɗarin. Rubuta «sashen kuɗi» a wannan gurbi ba ya karɓuwa, domin sashe ba ya amsa tambaya a gaban kwamiti.

Wasu mambobi sun nemi a rage rajistar zuwa shafi ɗaya. Ra'ayin kwamiti shi ne cikakkiyar ta zauna hannun jami'in haɗari, daraktoci kuma a kai musu goma mafiya girma, tare da bayanin wanda ya hau da wanda ya sauka tun zaman baya.

Basussukan da ake bin abokan ciniki

Zaman horo ɗaya aka yi kan IFRS 9, ma'aunin lissafin kuɗi na ƙasa da ƙasa da ya shafi basussuka, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2018. Har yanzu akwai masu jira sai bashi ya mutu kafin su ware masa tanadi, alhali ma'aunin na son a ƙiyasta asarar tun ranar da aka ba da kaya bashi. Hanya mafi sauƙi ita ce a kasa basussuka bisa jinkiri: wanda lokacinsa bai yi ba, kwana 1 zuwa 30, 31 zuwa 60, 61 zuwa 90, da abin da ya haura 90. A fitar da kason asarar kowane rukuni daga tarihin kamfanin kansa, a gyara shi gwargwadon halin kasuwa da ake hange, kuma a ajiye takardar lissafin, don ita odita zai fara nema.

Abin da bai kammalu ba

Jagorar kare masu kwarmata bayanai tana matakin daftari, saboda an kasa daidaitawa kan wanda zai karɓi ƙorafi idan shugaban kamfani ne ake zargi. Kwamiti ya fi karkata ga shugaban kwamitin binciken kuɗi na daraktoci, amma babban taro ne zai yanke. Horon kare bayanan jama'a ma an ɗage shi. Masu sayar wa mutanen Tarayyar Turai kaya ko hidima su sani kafin nan cewa dokar GDPR, wato dokar Tarayyar ta kare bayanan jama'a, ta ba da sa'o'i 72 ne kacal a sanar da hukuma daga lokacin da aka gano an yi kutse.

A shekara mai zuwa za a koma kamfanonin da aka duba a ga ko an toshe kafofin da aka nuna musu. Duk wanda ke son shiga zagaye na gaba ya aiko wa sakatariya da jadawalin masu ikon amincewa da biyan kuɗi, da jerin masu shiga manhajar lissafi da matakin izinin kowannensu, da takardun daidaita asusun banki na wata uku na ƙarshe, kafin ranar babban taro.

Kwamitin Zartarwa