Zuwa ga ƙanena da ya tambaya ko mujallar motoci mai tsada za ta biya kuɗin sabulu

Assalamu alaikum.

Ƙanena, ranar Asabar da ta wuce, a shirin rediyon da ake gayyata ta mu tattauna harkar mota, kai ne ka bugo waya na ƙarshe. Ka ce kai malamin makaranta ne a Zariya, shekara uku kana tarin kuɗin motarka ta farko, kuma ranka yana kan Corolla ko Vibe 'yar Beljiyam. Ka ga tallar mujallar Road & Track ta Amurka, ka yi lissafi har da kuɗin aikowa, abin ya tasam ma dala 100 a shekara. Sai ka ce: “Oga, in na biya, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu kuwa? So nake in san mota, kada a sayar mini da kura da fatar akuya.”

Lokaci ya ƙure, mai gabatarwa yana ɗaga mini hannu, na ce maka a'a a gurguje. Tun daga ranar abin yake cina a rai. Mutumin da ya yi shekara uku yana ƙulla kwabo a kan kwabo ya cancanci a zauna a yi masa bayani, kuma ni kaina akwai bashin da mujallun nan suke bina wanda ban samu damar faɗa ba.

Amsata tana nan yadda take. In don ka tsira daga hannun dillali ne, kada ka biya.

Fara da kuɗin. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da 'yan kai har ta haura 1,500 a 2024. In muka yi lissafi a kan 1,500, dala 100 ta zama naira 150,000, wato fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashin 70,000 da aka amince da shi a 2024. Mujallar tana fitowa sau shida a shekara, kowace fitowa ta tsaya maka a naira 25,000 ke nan. Ni ma na taɓa biyan ta shekara ɗaya, wata ce daban daga Ingila. Takan iso bayan wata biyu ko uku, kuma fitowa biyu ban ma taɓa sa su a idona ba, sun salwanta a hanya.

Ya kamata ka san abin da ake sayar maka. Road & Track tsohuwar mujalla ce, tun 1947 take. Amma da labarai da talla suka koma intanet, kasuwar takarda ta mutu murus: Autoweek ta daina bugawa a 2019, Automobile ta bi ta a 2020. A shekarar 2020 ɗin ne kamfanin Hearst, mai mujallar, ya sauya wa Road & Track kama. Aka rage yawan fitowarta, aka ƙara mata girma, aka sa takarda mai kauri da hotuna masu ɗaukar ido, aka ɗaga farashi. Sun daina gasar kawo labari da wuri, sun koma sayar da abin da mutum zai ajiye a falo ya riƙa buɗawa yana jin daɗi. Ba laifi ba ne, kuma sun iya aikinsu. Sai dai wanda suke yi wa magana mutum ne da yake da motar zuwa aiki, yana tunanin ta biyu ko ta uku don shaƙatawa ranar Lahadi. Porsche, Ferrari, tseren Le Mans, tsoffin motocin da ake gwanjonsu da miliyoyin daloli. Haka evo ta Ingila take, haka Octane. Za ka karanta shekara guda cur ba ka ci karo da motar da kake shirin saya ba.

Ko mujallun da suke gwada motocin talaka ma, irin su Car and Driver da Motor Trend da Autocar, akwai tazarar da ke tsakaninmu da su, kuma ita ce gundarin maganata. Su sabuwar mota suke gwadawa, fil a leda. Mafi yawan lokaci kamfanin da ya ƙera ta ne yake ba su aro na 'yan kwanaki, wani lokaci ma ya ɗauki nauyin tafiyar ɗan jarida zuwa wurin ƙaddamarwa. Za su gaya maka daƙiƙa nawa take yi ta kai gudun mil 60, yadda take shan kwana, yadda kujerarta take. Mu kuwa motar tana zuwa mana ne bayan ta yi shekara goma ko sha biyar a hannun mutum biyu ko uku, ta ci dubban mil, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Tin Can ko Kwatano. Tambayarmu ita ce: me yake fara mutuwa a jikinta, kuma nawa ne safayarsa a Panteka ko Ƙofar Ruwa? Gwaji mafi tsawo da Car and Driver take yi mil 40,000 ne. Motar da za ka saya ta ninka haka sau uku ko huɗu, ko da kuwa agogonta ya nuna maka ƙasa da haka.

Ga misali da duk bakanike ya sani. Camry ɗin nan da muke kira Muscle, da ta fito, Motor Trend ta ba ta kambun motar shekara ta 2007. Ba ƙarya suka yi ba, a lokacin ta cancanta. Sai da aka yi shekaru sannan ta bayyana cewa injin 2.4 na wasu daga cikinsu, wanda ake kira 2AZ-FE, yana shan baƙin mai saboda matsalar fistin da zobensa, har Toyota ta tsawaita garanti a kan haka a Amurka. Dashbod ɗinsu kuma yana narkewa ya yi danƙo a wuraren zafi. Babu yadda za a yi wanda ya tuƙa sabuwa na mako ɗaya ya san wannan. Mu da take iso mana da tsufanta, shi ne abu na farko da muke bukatar sani.

Sannan ƙasarsu daban, tamu daban. Ba su san hazon hunturu da yake toshe matatar iska cikin 'yan makonni ba, ba su san zafin Afrilu a cikin cunkoso ba, ba su san ramin da zai fasa maka taya ya lanƙwasa rim a lokaci ɗaya ba. Ba su san irin gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya lalata wa mutane injina ba. In ta Ingila ce, sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun Afrilun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu. Ko lissafin shan mai sai ka yi hattara, don galan ɗin Ingila lita 4.55 ne, na Amurka 3.79. Na sha ganin samari suna musu a kan wace mota ce ta fi tsimin mai, alhali kowa da galan ɗin da ya karanto.

To ina za ka kai kuɗin? Kaɗan daga ciki ya isa ya yi maka aikin da kake nema.

Duk motar da ka gani ta kwanta maka, leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, za ka ga lambar shasi, wadda ake kira VIN, haruffa da lambobi 17. Buɗe ƙofar direba ka tabbatar ita ce dai a jikin takardar da ke manne a ginshiƙi. In motar daga Amurka ta fito, sa lambar a shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai gyaran da kamfani ya yi kira a kawo ba a kai ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kan motocin da ka ambata. Corolla da Vibe na 2003 da wasu shekarun da suka biyo baya suna cikin waɗanda matsalar iyabag (jakar iskar da ke kare mutum in an yi karo) na kamfanin Takata ta shafa, iyabag kusan miliyan 67 aka yi kiran a canza a Amurka kaɗai. Sinadarin da ke ciki yana lalacewa da zafi da raɓa, ranar da ya tashi sai ya watso ƙarafa a fuskar wanda ya kamata ya kare. Bayan nan ka biya a ciro maka rahoton Carfax, wato tarihin motar a Amurka, ka kuma nemi hotunanta na wurin gwanjo, Copart ko IAA, ka ga halin da take ciki kafin masu gyaran jiki da masu fenti su taɓa ta.

Wadda na fi jin tsoro ita ce motar da ta sha ambaliya. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da motoci birjik a Houston, kuma irinsu ba sa ɓacewa, kasuwa suke komawa. Shiga ciki ka rufe ƙofofi, kada ka bari a kunna iya kwandishan, ka shaƙa. In turare ya yi yawa, tambayi kanka me yake ɓoyewa. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba ko akwai shatin ruwa. Durƙusa ka haska ƙarfen da kujera take gudu a kai, ka ɗaga kafet ɗin but inda safayar taya take, ka shafa da yatsa. In ka ji yashi mai laushi ko ka ga tsatsa a kan noti, yi sallama ka tafi, komai ƙyallinta. Ka kuma je da bakaniken da kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kira maka ba, ya sa mata kwamfuta tun injin yana da sanyi.

In karatu kake so, karanta littafin da kamfani ya rubuta wa mai motar, ana samun na Toyota kyauta a intanet. Vibe abokiyar tagwaitakar Toyota Matrix ce, a wata masana'anta ta haɗin gwiwar kamfanin General Motors da Toyota a Kalifoniya aka haɗa ta, kuma injin 1.8 ɗinta irin na Corolla ne. A jikin murfin baƙin mai na 'yan 2003 zuwa 2008 an rubuta 5W-30, wato irin kaurin man da ya dace da ita. Mutane nawa ne suke zuba mata 20W-50 don haka aka saba tun zamanin Pijo? Nawa ne aka cire musu tamostat aka cika lagireto da ruwan famfo? Shafi goma na wannan littafin zai ƙara wa motarka shekaru. Tsofaffin sharhin da mujallun nan suka yi a kan motarka lokacin da take sabuwa kuwa, da yawansu suna nan a shafukansu, ba sai ka biya ba. In kuma dole sai ka biya wata, to Consumer Reports ce. Tun 1936 take, ba ta karɓar talla, da kuɗinta take sayen motocin da take gwadawa, kuma tana tattara bayanan masu motoci a kan abin da ya lalace musu, shekara bayan shekara. Biya ta intanet na ɗan lokaci, ka duba shekarun da kake so, ka tsaya.

Yanzu bari in biya bashin da na ce ana bina.

Ina yaron gareji a Kaduna, lokacin 504 ce sarauniyar hanya, ana haɗa ta a nan cikin gari tun 1975. Ogana, Allah Ya jiƙansa, yana da kwali ɗaya na tsofaffin Autocar da wani Bature injiniya ya bar masa da zai koma gida. Mujalla ce da take fitowa tun 1895. A ƙarƙashin benci kwalin yake, gefen takardun duk ya sha baƙin mai. In an tashi aiki sai in wanke hannu da kananzir da omo, in zauna a kan tsohuwar taya in buɗe. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma akwai zanen da suke yi na inji kamar an tsaga shi gida biyu, kana ganin fistin da bawul da hanyar da mai yake bi. A nan na fara ganin injin da ba shi da kafireto, nozul ne yake fesa mai. Na nuna wa Oga, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Wannan in ta zo, da yawanmu za mu zauna.” Haka kuwa aka yi. Na san gwanayen da in sun sa kunne a jikin kafireto za su gaya maka ciwonta, amma da motocin nozul da kwamfuta suka cika gari sai aiki ya bar su. Ni da na riga na gan ta a takarda ban tsorata ba ranar da ta farko ta shigo mana. Abincin da nake ci yau, akwai rabon wannan kwalin a ciki.

Saboda haka ga bakanike, ko mai sayar da safaya, ko mai shigo da motoci, lissafin ya sha bamban da naka. Tazarar nan da ta sa mujallar ba ta da amfani gare ka, ita ce ribarsa, don yana ganin abin da zai shigo garejinsa shekara goma kafin ya iso. Camry ta 2025 a Amurka duk mai haɗin batir da fetur ce, babu zalla. Ƙananan injina masu tabo, giyar CVT mai canzawa ba tare da matakai ba, motocin lantarki, duk suna hanya, ga na Sin irin su BYD da GAC da ba su ma jira sun tsufa ba. Irin waɗannan mutane ina ba su shawara su haɗu su goma a ƙungiyarsu, su biya ɗaya ta intanet, wanda ya fi jin Turanci ya riƙa fassara wa sauran. Kuma ko su, mai gwada motocin yau da kullum za su nema, ba mai takarda mai kauri ba.

Akwai kuma wanda mota ce kawai abin sonsa, kamar yadda wani yake son doki ko tattabaru. In ya sauke nauyin gida, aljihunsa ya yarda, ya saya ya more, ban ga abin zargi ba. Wataƙila wata rana kai ne. Amma yau naira 150,000 ɗin nan kuɗin juyen mai ne da matatu da fulogi da ruwan lagireto na gaske, abubuwan da dole ka canza a makon da motar ta shigo hannunka.

Wasu daga cikin mujallun Oga suna wurina har yanzu, na ƙara da nawa. In ka shigo Kaduna ka tambayi masu shirin, za su kwatanta maka garejin. Ka zo ka ɗauki wadda kake so ka karanta ka dawo da ita. Ka taho da lambar shasin duk motar da ka gani a rubuce, kada ka ba da ko kafin alƙalami sai mun duba ta tare.

Wassalam.

Yayanka,
bakanike daga Kaduna