Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, a kan kwamfutocin masu hoto a Gombe

Assalamu alaikum ranka ya daɗe. Ya aiki ya jama'a, Allah ya taya riƙo.

Ni mai situdiyon hoto ne a nan cikin garin Gombe, fasfo da hoton biki da na suna da fosta, da su nake riƙe gidana, kuma akwai yara a hannuna suna koyon aikin. Na rubuto ne kan wata matsala da na san a Abuja za a ga kamar ba komai ba ce, amma mu nan tana hana mutane kai cefane gida. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025 hankalin masu sana'ar nan ya tashi, kowa ana ce masa ya koma Windows 11 ko ɓarayin intanet su shigo masa, waɗanda suka koma ɗin kuma da yawansu manhajar gyaran hotonsu ta tsaya cak.

Yallaɓai ka san irin kwamfutocin da muke aiki da su. Na hannu ne, 'yan Kwatano, HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad waɗanda Turawa suka gama da su. Shi kuwa Windows 11 yana da sharuɗɗa, sai da TPM 2.0, wato wata 'yar na'urar tsaro a cikin kwamfutar, sai furosesa daga Intel zubi na 8 zuwa sama wato na wajen 2017 zuwa yau, namu kuma akasari zubi na 4 ne zuwa na 6. Kwamfuta lafiyarta ƙalau tana aiki amma an ce ba ta cancanta ba. To sai masu gyara suka samu kasuwa, su ɗauko filash su bi ta bayan gida su ɗora maka Windows 11 ɗin da ƙarfin tsiya, su karɓi kuɗinsu, kai kuma ka dawo shago ka tarar da abin da ba ka taɓa gani ba.

Abin da ya fi yawa shi ne ka buɗe Photoshop ya nuna tambarinsa ya ɓace, ko ya buɗe amma wajen hoton baƙi ƙirin, ko ya dinga ƙiftawa in ka ja linzami. Yawanci ba Photoshop ɗin ne ya lalace ba, diraiban girafik ne, wato 'yar manhajar da ke sa na'urar nuna hoto aiki, sabon Windows ya sauya da wani nasa wanda bai dace da tsohuwar na'urar ba. Maganin sau da yawa bai fi minti biyar ba, ka shiga saitin Photoshop ka cire alamar da take sa shi aiki da girafik kad, ko ka danne Ctrl da Alt da Shift lokacin da yake buɗewa ya goge tsohon saiti, ko ka sauko da diraiba daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin. Amma wa ya san wannan? Yaron da ya koyi aiki a gaban ubangidansa da kallo, Turancinsa bai kai ya karanta dogon bayani ba, shi dai zai sake komawa wurin mai gyara a ce masa sai an yi fomat, a fomat ɗin kuma hotunan mutane na shekaru su tafi. Haka kuma wani saƙon da yake fitowa cewa wai babu wuri a had dis, alhali tsohon Windows ɗin ne aka tara a wata folda mai suna Windows.old tana zaune ta cinye gigabait masu yawa. Kuma ita foldar nan ce hanyar komawa baya, kwana 10 kawai ake ba ka bayan ofgired, wato ɗora sabon Windows, ka ce ka fasa, in suka wuce shi ke nan ƙofa ta rufe. Mutane da dama sai bayan sati biyu suke jin labarin kwana 10 ɗin.

Wanda ya fi min ciwo shi ne na launi. Wani mai gyara ya taɓa kwamfutar da muke buga hoto da ita, washegari muka buga hotunan wani biki, a fuskar kwamfuta amarya fes da ita, lallenta ja, leshinta ruwan zuma, amma da takarda ta fito daga firinta sai ga fuskarta ta yi wani kore-kore kamar marar lafiya. Gwaggon amarya ta riƙe hoton da hannu biyu tana juya shi wajen hasken ƙofa, ta ce ɗana wannan ba 'yata ba ce. Me zan ce mata? Takarda ta tafi, tawada ta tafi, man janareta ya tafi. Ashe saitin launin da ke haɗa sikirin da firinta ne ya goge wajen ofgired, diraiban firintar ma aka maye shi da wani gama-gari wanda bai san irin takardar hoto ba. Sai da aka cire shi aka sa na asali sannan fatar mutum ta dawo fatar mutum. Tawada da takarda yanzu ba arha ba, in irin haka ta samu ƙaramin shago sau biyu a wata to ribar watan ta ƙare.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗa amma gara a faɗa. Mafi yawan Photoshop da CorelDRAW da ke shagunan garin nan kirak ne, wato na bayan fage da ba a biya kuɗin lasisi ba. Adobe, kamfanin da ke yin Photoshop, ta daina fitar da sabo na saye ɗaya tun 2013, CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe, daga nan sai haya duk wata da dala, dala kuma ta haura naira 1,000 tuntuni. Wanda yake tara kuɗin fasfo kaɗan-kaɗan ina zai iya? To sabon Windows da ya ga fayil ɗin kirak sai ya kama shi ya kulle, masu gyara kuma su ce maka kashe tsaron kwamfutar gaba ɗaya sai ya yi aiki. A kashe tsaro a kwamfutar da ke ɗauke da fasfon maniyyata aikin Hajji, da takardun ɗaliban JAMB, da katin NIN da mutane ke kawowa a yi musu sikanin, da hotunan matan aure na cikin gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma in ya shiga nan sirrin jama'ar gari ne zai fita ba na mai shago kaɗai ba. Ta nan nake ganin abin ya shafi ofishinka kai tsaye.

Na san ana ƙoƙari, muna jin shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku aikin fasahar zamani da aka fara a 2023 kuma akwai yaranmu da suka shiga, Allah ya saka da alheri. Amma shirye-shiryen nan sun fi kallon wanda zai fara koyo, mu da muka riga muka kafa sana'a muke ɗaukan yara muna biyan haya, mu ma a waiwaye mu. Ba laftof nake roƙo a raba mana a ɗauki hoto ba. Bayani muke so da Hausa, gajerun bidiyo da murya waɗanda za su yi yawo a WhatsApp, a nuna wa mutum yadda zai duba ko kwamfutarsa ta cancanta kafin kowa ya taɓa ta, yadda zai kwashe hotunansa da font ɗinsa a wani had dis ɗin daban, don font ma suna ɓacewa ka buɗe tsohon katin gayyata ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwati-akwati. A kuma gaya wa mutane cewa ba dole ba ne su yi gaggawa, Microsoft ta buɗe shirin ƙarin tsaro na Windows 10 har zuwa 13 ga Oktoban 2026, na tambayi abokan sana'a da yawa babu wanda ya taɓa jin sa.

Sai kuma horo a kan manhajojin da ba sai an yi kirak ba. GIMP kyauta ne, zubinsa na 3.0 ya fito a Maris 2025. Affinity da Canva ta saya a 2024 shi ma sun mayar da shi kyauta a ƙarshen Oktoban 2025 kuma yana buɗe fayil ɗin PSD, wato na Photoshop. Akwai Inkscape ga masu zane, akwai Photopea da ke aiki a cikin burauza. Ba zan ce sun kai Photoshop a komai ba, hannun da ya saba shekara goma da wuri ɗaya zai sha wahala kafin ya sake, shi ya sa ma nake cewa horo, a zauna da mutum a gaban kwamfutarsa ya cire bayan fasfo ya gyara fuska ya buga ya gani da idonsa. Muna da Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada, da kwalejin ilimi ta FCE Technical, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, duk akwai ɗakunan kwamfuta da ɗaliban da suka iya, in aka haɗa kai da su ba wani kuɗi mai yawa zai ci ba. Kuma masu gyaran nan su ma a sa su a ciki, don su ne kowa yake fara zuwa wurinsu, in suka san daidai rabin ɓarnar ta tsaya.

Don Allah kar a tsaya a cikin gari kawai. Akwai masu hoto a Kumo da Billiri da Kaltungo da Bajoga da Dukku, wani shi kaɗai ne mai firintar fasfo a yankinsu, in tasa ta tsaya sai mutane sun biya kuɗin mota sun shigo Gombe saboda fasfo guda huɗu. Zaɓen 2027 yana tafe, lokacin fosta ne, shi ne kakar da masu sana'ar nan suke jira su biya bashi su sayi sabon kaya, muna so ya same mu da kwamfutoci masu aiki. In ofishinka zai turo wani ya zo ya gani, shagunanmu a buɗe suke, za mu tara masa masu hoto da masu gyara wuri ɗaya su faɗa masa da bakinsu.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Naka,
Wani mai situdiyon hoto, Gombe