Zuwa ga Aminina a Kuala Lumpur

Assalamu alaikum, mutumina.

Da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya karatu, ya baƙunta? Wai kai tun da ka koma ƙasar masu karyawa da shinkafa sai ka ɗauke mana wuta gaba ɗaya? Rabona da saƙonka tun kafin Babbar Salla, shi ma ba gaisuwa ba ce, maganar filin nan ce ta Samaru. Bari dai in fara sauke abin da ke cina, don ba ni da wanda zan zazzage wa ya gane sai kai.

Shugaban makarantarmu ne aka turo wa wani bidiyo ta WhatsApp, ga mutum tsaye a kan dandamali yana jawabi, alhali ba ya wurin. Sai ya kira ni ofis ya ce a bikin yaye ɗalibai na bana yana son a nuna wa iyaye hologiram, kuma an ce masa PowerPoint, manhajar nan ta haska darasi ko jawabi a allo, na yi. Har an samu wani ɗan kwangila da ya ce zai kawo na'ura, kuɗin kuma daga asusun ƙungiyar iyaye da malamai za a cira. Kai ka san ɗakin gwaje-gwajenmu, ka koyar a cikinsa. Har yau yara layi suke yi a kan madubin ƙara girma, kuma iyayen nan da za a burge wasu sai sun sayar da akuya suke biyan kuɗin WAEC. Wallahi da na fito daga ofishin raina a ɓace yake.

Shi ya sa na zauna na bi abin tun daga tushe, don in je masa da hujja. PowerPoint ba ya yin hologiram, haka Keynote, haka Google Slides. Matsalar ma ba ta manhaja ba ce, ta allo ce. Allon laftof ko bangon da majigi ke haskawa shimfiɗaɗɗe ne, abin da idon dama ya gani shi na hagu ke gani, ko ka karkata kai ba za ka leƙa bayan abin ba. Hologiram na gaskiya kuwa yana adana yadda igiyoyin haske suka taso daga jikin abu, har da zurfinsa, shi ya sa in ka motsa kai hoton ke sauyawa. Dennis Gabor, ɗan asalin Hangari da ya zauna a Ingila, shi ya gano dabarar a 1947, amma ba ta yi armashi ba sai da aka samu hasken leza a 1960, kuma a kanta aka ba shi kyautar Nobel a 1971. Ka ciro katin ATM ɗinka, in na Visa ne ka duba 'yar kurciyar nan mai ƙyalli, ka jujjuya shi a haske. To wannan hologiram ne na haƙiƙa, yana aljihunmu kullum ba mu kula ba.

Shi kuwa mutumin da ke kan dandamali, tsohuwar dabara ce ta gidajen wasan kwaikwayo da John Henry Pepper ya nuna a Landan tun 1862, har ake kiranta fatalwar Pepper. Gilashi ne ko leda mai garai-garai a jingine a karkace, hoto na haskawa daga wani wuri da aka ɓoye, 'yan kallo su ga inuwarsa kamar tana tsaye a iska. Da ita Narendra Modi ya riƙa bayyana a garuruwa da dama lokaci guda a yaƙin neman zaɓen Indiya na 2014. A Faransa ma a 2017 ɗan takarar shugaban ƙasa Mélenchon yana jawabi a Lyon, mutane a gefen Paris suna kallonsa a tsaye gabansu. Duniya ta kira shi hologiram, amma hoton bidiyo ne kawai a jikin leda.

Kafin in manta, angon bara ya samu ƙaruwa, mace, an yi suna ranar Asabar. Duk 'yan majalisa sun zo, kuma kamar yadda ka zata, mutuminka mai agogo sai da aka gama rabon goro ya iso. An tambaye ka, na ce kana can kana zama dakta, nan gaba sai mun cike takarda kafin mu gan ka.

To ga inda daɗin yake. Cikin binciken nan na gano tun 2017 PowerPoint ke karɓar siffofin 3D. In kana da Office 2019 ko Microsoft 365, ka shiga Insert za ka ga 3D Models. Na samo siffar zuciyar ɗan Adam kyauta a intanet na saka. Kana riƙe ta da linzami ka juya ta duk inda kake so, sama, ƙasa, baya. Sai na kwafi shafin, na juya zuciyar a na biyun ta yadda jijiyoyin baya za su fito, na sa masa Morph, wato salon sauya shafi da ke motsa abu a hankali daga yadda yake a shafin farko zuwa na biyu. Ina danna maɓalli sai ga ta tana juyawa a hankali da kanta, ba tsalle ba gargada. Har yanzu hoto ne shimfiɗaɗɗe, na sani, kwamfuta ce ke zana kowane ɓangare yayin da ake juyawa. Amma mutumina, shekara nawa muna zana zuciya da alli, muna cewa "ku ɗauka wannan jijiyar ta bi ta baya"? Yanzu ga bayan, sai in juya su gani. Abu guda da za ka kiyaye, in ka kai fayil ɗin tsohuwar kwamfuta mai tsohon Office, siffar takan daskare ta zama hoto, don haka na mayar da shi bidiyo na ajiye a waya.

Daga nan sai na ce bari in yi tawa fatalwar. Na je shagon kwafi na sayo ledar nan mai kauri da ake yi wa furojet bango. Na yanka guda huɗu, kowace faɗinta a ƙasa santimita 6, a sama 1, tsayi 3.5, na haɗa su da salatif, ta fito kamar 'yar dalar gyaɗa da aka sare wa kai. A PowerPoint na yi shafi baƙi ƙirin, na jera zuciya huɗu a gicciye, gaba da baya da dama da hagu, tsakiya babu komai. Na kwantar da waya, na kifa dalar a tsakiyar allo, ƙaramin bakin a ƙasa, muka rufe tagogi.

Ka ga yaran nan kuwa! Wata yarinya 'yar aji biyar, wadda tun farkon zango ban taɓa jin muryarta ba, ta zagaya teburin ta durƙusa ta leƙa, sannan ta ce, "Malam, me ya sa wannan jijiyar ta lanƙwasa ta koma baya?" Babbar jijiyar nan take nufi, wadda ke fita daga zuciya ta yi gwiwa ta gangara. Ban san lokacin da na ce Allah Ya yi miki albarka ba. Duk abin bai ci kuɗin kwanon shinkafa ba.

Kada ka ce na daina zuwa wurin mahauta. Zuciyar rago tana nan daram a darasina, don babu allon da zai sa yaro ya taɓa da yatsa ya ji bangon hagu ya fi na dama kauri. Kuma dalar tawa ƙarama ce, hoton bai wuce girman yatsa ba, sai yara sun zo rukuni-rukuni, ga zafi in an rufe tagogi. A filin taro da rana tsaka ba abin da za a gani. Wannan ma shi ne abin da nake son shugaba ya fahimta, don na'urar ɗan kwangilar, da na matsa masa da tambaya, ashe fankar nan ce mai fitilu a jikin fukafukai. Tana juyawa da gudu, ido ya haɗa hasken ya ga hoto kamar a iska. Ita ma bidiyo take ci, ita ma rana na kashe ta, ga shi sai an tayar da janareto, kuma ka san yaranmu, wani sai ya miƙa hannu.

Ruwa ya sauka sosai bana, masara ta yi kyau a gonar Baba, sai dai tsadar taki ta sa bai noma ta gangaren ba. Hajiyarku na je na gaishe ta, ƙafar ta yi sauƙi, tana ta mitar ba ka kira da bidiyo, kullum sai murya. Ka gyara, don ni take tsarewa.

Yanzu ga alfarmar da nake nema. In ka samu sarari ka leƙa Low Yat, kasuwar nan ta kayan lantarki, na san ba ka rasa dalilin zuwa can, ka tambayo mini nawa ake sayar da irin fankar, matsakaiciya, ka ɗauko hotonta da farashin a jiki. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis ta sama. Ina so in shiga da laftof da dalata da hotonka, in nuna musu zuciyar tana juyawa a bango, sannan in roƙi a karkatar da kuɗin a sayo madubai da majigi ɗaya na ɗakin gwaji. Mataimakin shugaba ya ce yana bayana, ma'aji ne ban san inda ya dosa ba. Ka sa mu a addu'a, kuma kada hoton ya wuce Laraba.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara. Maman yara na gaishe ku.

Naka har kullum,
Amininka na Zariya