A Tambayi Asibitocinmu Tun Kafin Masifa Ta Auku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarku mai farin jini. Ni tsohon ma'aikacin jinya ne, na yi aiki a manyan asibitocin ƙananan hukumomi har na ajiye, kuma abin da zan faɗa ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mu a ƙasar nan mun iya jaje. Da zarar masifa ta auku, kafin gari ya waye ayarin motoci ya kama hanya, a yi ta'aziyya, a kafa kwamiti, a sanar da gudummawar miliyoyi, a raba shinkafa da tabarmi. Allah ya saka wa masu yi da alheri, ban raina ba. Sai dai ran mutum yakan tsira ko ya salwanta ne a sa'o'in farko, tun manya ba su ji labari ba, kuma a waɗannan sa'o'i babu kowa a wurin sai nas ɗaya ko biyu da ke aikin dare, da likitan da za a taso daga barci, da abin da Allah ya sa aka ajiye a sito. Wannan wurin ne ba mu taɓa kula da shi ba.

A tuna abin da ya faru a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, daren 15 ga Oktoba, 2024. Tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu, adadin kuma ya yi ta ƙaruwa a kwanakin da suka biyo baya, domin da yawa daga waɗanda aka kai asibiti da ransu ba su fito ba. An kwashi masu ƙuna zuwa Ringim da Haɗeja, wasu har Kano. Jaridu sun yi ta magana a kan talauci da ganganci da suka sa mutane ɗibar man, kuma gaskiya ne. Amma ban ga wanda ya zauna ya yi lissafin abin da mai ƙuna yake bukata ba, to bari in yi.

Wanda wuta ta ci fatarsa, ruwan jikinsa ne yake tsiyayewa. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce a ba shi mililita 4 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinsa, a kan kowane kashi ɗaya cikin ɗari na jikin da ya ƙone, cikin sa'o'i 24 na farko, rabin wannan ruwa kuma ya shiga cikin sa'o'i 8. Saurayi mai kilo 60 da kashi 40 na jikinsa ya ƙone yana neman kusan lita 10, wato ledar ruwa ta rabin lita guda 19 ko 20, shi kaɗai, a rana ɗaya. Idan irinsa 100 aka kawo, ana maganar leda kusan 2,000, ban da allurar kashe zafi, da bandeji, da robar fitsari, da iskar oksijin ga waɗanda hayaƙi ya ƙona wa maƙogwaro, da hannayen da za su nemo jijiya a jikin da babu fata. Wane babban asibitin ƙaramar hukuma ne yake da wannan a ajiye da tsakar dare? Idan aka makara, ƙoda ce take tsayawa, sai mutum ya cika bayan kwana uku ko huɗu a ce wa'adi ne. Wa'adi gaskiya ne, amma Wanda ya sanya wa'adin shi ya umarce mu da neman magani. Wata uku kacal bayan Majiya, a Janairun 2025, aka maimaita irin wannan a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja.

Na Maiduguri kuwa ya fi ba ni tsoro, don can asibitin ne da kansa ya zama majinyaci. Ranar 10 ga Satumba, 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye gari, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, ya kuma shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda duk Arewa maso Gabas da ma maƙwabta daga Chadi da Kamaru da Nijar suke dogaro da shi. Na'urori masu tsada da ke ƙasan bene suka nutse. A farkon Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara, abin da duk ɗalibin kiwon lafiya zai iya faɗa maka tun ranar da ruwan ya haɗe masai da rijiyoyi. Abin takaicin shi ne wannan madatsa ta taɓa yin haka a 1994. Shekara talatin cur muna da labari. A cikinsu da an ɗaga janareta da sito da ɗakin gwaji daga ƙasa, da an san inda za a kai masu wankin ƙoda da mata masu naƙuda idan ƙofar asibiti ta zama kogi.

Kada a ce mini ba mu da doka ko hukuma. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, tana nan tun 1999, jihohi suna da irinta tasu, SEMA. Hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa, NCDC, ta samu dokarta a 2018. Hukumar hasashen yanayi da ta kula da koguna suna fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa kowace shekara tun kafin ruwa ya sauka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa akalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, aka ware kashi 5 cikin 100 na asusun domin jinyar gaggawa. Akwai dokar 2017 da ta wajabta duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Akwai shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, NEMSAS, akwai lambar waya 112. A takarda dai mun fi ƙarfin kowace masifa.

To amma Malam Edita, je ka bakin titin Kano zuwa Haɗeja ko na Zariya ka ga abin da ke ɗauko wanda ya yi hatsari. A Daidaita Sahu ne, ko bayan akori-kura, ko motar wani bawan Allah da ya tsaya don tausayi, a cusa mai karyayyen wuya a kujerar baya kamar buhun gero. A isa asibiti a ce a yanki kati, a sayo safar hannu, a nemo mai ba da jini. Ni ma na faɗa wa mutane haka da bakina, don babu kayan, kuma ba ni da ikon ƙirƙiro su. Motar asibiti kuwa sau da yawa tana nan a inuwa, ko babu mai, ko babu batir, ko direban yana gida da makulli. Inda take tashi ma, gawa ta fi ɗauka a kan mai rai.

Ina da hujjar cewa za mu iya. Ranar 20 ga Yuli, 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, abin da ya ci ranta. Duniya ta ɗauka Legas ta gama yawo, amma mutum 20 kawai suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Najeriya. An bi sawun kusan mutum 900 gida gida. Yaya aka yi? An riga an kafa cibiyar yaƙi da shan inna, da ma'aikatan da suka saba bin unguwanni da kai rahoto kullum, sai aka juya su kan Ebola, Dakta Faisal Shuaib yana jagoranta. Mutanen sun san juna, sun san wa ke ba da umarni, sun saba aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya ba. Irin wannan sabo ne babu shi a harkar hatsari da gobara da ambaliya, kuma ko a cututtukan da ke zuwa mana da lokacinsu, irin sanƙarau da zafi da kwalara da damina, kullum sai sun same mu kamar baƙi. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ma allurar rigakafinsa ta daɗe a duniya.

Abin da nake nema ba ya bukatar sabon gini, kuma wataƙila shi ya sa ba ya burge 'yan siyasa, tunda babu abin yanke ƙyalle. Kowane babban asibiti ya kasance da sito na musamman na ranar masifa, wanda ba a taɓawa sai ranar, ana juya kayan cikinsa kafin su lalace. A yi atisaye ko da sau biyu a shekara, har da masu gadi da masu shara da direbobi, kowa ya san inda zai tsaya, a koya musu tantance majinyata, wa za a fara dubawa, wa zai iya jira, domin ranar da mutum 80 suka shigo lokaci guda, mai ƙarfin kuka ne yake janye hankali alhali wanda ya yi shiru shi ne yake tafiya. A koya wa 'yan ƙungiyar direbobi da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da 'yan sintiri yadda ake tsayar da jini da ɗaukar mai karaya, don su ne suke fara isa, ko mun so ko mun ƙi. Maganar jini kuma malamai su taimaka mana a kan mumbari, mutane su riƙa bayarwa tun ba a nema ba.

Ku kuma 'yan jarida, ga roƙona. Kada ku jira sai an yi jana'izar bai ɗaya sannan ku tura wakili. Kafin damina ta kankama, ku zaɓi asibitoci goma a garuruwan da ke bakin kogi ko bakin babban titi, irin su Haɗeja, Ringim, Mokwa, Numan da Argungu, wakilinku ya je da dare ba da rana ba. Ya tambayi ledar ruwa nawa ce a sito, jini leda nawa, tukunyar oksijin nawa ce cike, ya ce a tayar da motar asibiti a gabansa. Sannan ku tambayi kwamishinan lafiya na kowace jiha nawa jiharsa ta karɓa daga kason gaggawa na asusun nan, da kuma inda kuɗin suka shiga, ku buga amsar yadda ya ba ku ita.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara basira, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku,
Tsohon ma'aikacin jinya, daga Haɗeja, Jihar Jigawa