A Ba Gasar Rukuni Na Biyu Gurbi A Shafin Wasanni

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da ma'aikatanka.

Ɗan ƙanwata, yaro ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare, shi ne ya sa ni ɗaukar biro. Ranar wata Asabar na tarar da shi kwance a tabarma yana ja da rula a tsohon littafin lissafi. Na ɗauka aikin makaranta ne. Ashe ƙasa ya ƙirƙira, wadda babu ita a taswira, ya yi mata garuruwa, ya raba wa kowane gari ƙungiyar ƙwallo. Abin da ya fi ba ni dariya, babbar gasar ƙasar bai damu da ita ba. Rukuni na biyu yake bi: ƙungiyoyi goma sha shida, maki uku ga wanda ya yi nasara, biyu na sama su haura, uku na ƙasa su nutse. Sakamakon kowane wasa kuwa da marfin kwalba yake fitar da shi. Na ce, "Kai kuma me ya kai ka ajin 'yan dagaji?" Ya ce, "Kawu, ai a nan ake wasan rai da rai."

Yaro ya yi gaskiya. Sai na tambaye shi sunan gasar rukuni na biyu ta ƙasarsa ta haihuwa. Ya yi shiru. Championship kuwa, wato gasar rukuni na biyu ta Ingila, ya san ta ciki da bai: ƙungiyoyi 24, kowacce wasa 46, da wasan ƙarshe na neman gurbi a Wembley. A gidan kallo ya koya. NNL, wato gasar rukuni na biyu ta Najeriya, ita ce bai taɓa jin sunanta ba, kuma da na tuna jaridar da nake shigowa da ita gida duk mako, sai na ga ba laifinsa ba ne.

Malam Edita, yaushe rabon da ku buga teburin NNL? Iya sanina, ba ku waiwaye ta ba sai da gobara ta kama gidan manya. A 2022 Kano Pillars, mai kofin gasar ƙasa har huɗu (2008, 2012, 2013 da 2014), ta faɗa rukuni na biyu tare da Katsina United da Heartland da MFM. A wannan kakar kowa ya zama masanin rukuni na biyu, har mai shayin bakin layinmu yana lissafin maki. Da Pillars da Katsina suka dawo a 2023 bayan wasannin Super 8 (na ƙungiyoyi takwas masu neman haurawa) a Asaba, sai aka naɗe tabarma, kamar sauran ƙungiyoyin da aka baro can ba 'ya'yan mutane ne ke buga musu ba.

Ga abin da ake asara. A 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, tana rukuni na biyu, ta doke Abia Warriors da ci biyu da nema a Legas ta ɗauki kofin Federation, kuma a shekarar ta koma babbar gasa. Mai karanta shafinku sai dai ya wayi gari ya ji an ce sun ci kofi, bai san ta inda suka biyo ba. Haka Barau FC da Wikki Tourists ta Bauci suka hauro a 2025. Leicester ma, da Ahmed Musa ya koma a 2016 bayan ta ci Firimiya, shekara biyu kafin nan a rukuni na biyu take.

Na san za a ce babu wakilai, babu kuɗin mota, filayen kuma wasu ko rumfar 'yan jarida babu. Na yarda. Ni ma na taɓa zama a kan benci cikin rana ina kallon irin wannan wasa, ƙura na tashi, 'yan wasan baƙi sun kwana a hanya cikin bas. Amma ba hoto mai launi nake nema ba. Ɗan akwati guda ya isa, a ƙasan shafi, inda kuke saka jita-jitar wanda Chelsea za ta saya: sakamakon mako, teburi, da wasannin da ke tafe. In da hali, layi biyu kan wanda ya fi zura ƙwallo. Kiran waya ga sakataren ƙungiya zai samar da wannan.

Na yi wa yaron alkawarin in kuka fara bugawa zan riƙa yanko masa teburin ya manna a bayan littafinsa. Ya ce ya ji, amma sai ya gama kakar ƙasarsa tukuna, saura wasa huɗu, kuma ƙungiyar garin da ya fi so tana ta biyun ƙarshe.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano