Rahoton kwamiti kan gyaran fitilar saman motar ɗaukar marasa lafiya

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa masu ba da gudummawa. Maganganu sun iso mana, wasu a gaban idonmu, wasu a bayan ido, cewa an tara kuɗin da zai sayi sabuwar fitila amma kwamiti ya ɓige da facin tsohuwa. Wanda ya ciro kuɗi daga aljihunsa yana da haƙƙin tambaya, shi ya sa muka rubuta wannan.

Kowa ya san mafarin abin. Batir ya mutu da dare ga mara lafiya a kwance, direba ya jona da batir ɗin wata babbar mota. Tamu da wuta bolt 12 take aiki, waccan kuwa bolt 24 ce, sai wutar ta yi yawa ta ƙona fitilar. Ba mu ɗora wa direba laifi ba, rai yake ƙoƙarin cetowa. Washegari muka zauna, muka yanke a gyara, muka nemo mai gyaran wayar mota.

Da aka sauko da fitilar aka buɗe, ƙauri ne ya fara yi mana sallama. Allon da ke sarrafa walƙiyar, wanda masu gyara ke kira ƙwaƙwalwa, ya ƙone har ya yi baƙi, kuma jere biyu cikin takwas na ƙwayayen LED, wato ƙananan ƙwayayen da ke ba da hasken, sun mutu. Abin takaicin shi ne allon yana da kariyarsa: wani ɗan ƙaramin abu da idan wuta ta wuce kima yakan janye ta zuwa jikin mota, fis ya tsinke, komai ya tsira. To a gidan fis ɗin, zaren wayar tagulla muka tarar an naɗa. Tun yaushe, wa ya naɗa, Allah masani. Babu abin da zai tsinke, sai wutar ta yi ta ci har ta narka robar wayar da ta hau rufi.

Yanzu ga inda kuɗi suka salwanta, kuma ba za mu ɓoye ba. Don tausayin asusu muka sayi allo mai araha wanda ba na kamfanin fitilar ba. Ya yi aiki, muka yi murna, wasunku ma sun gani a bidiyo. Bai cika sati uku ba ya bi sawun na farko. Sai a lokacin aka sa mita a kan batir mota na kunne. Injin caji mai lafiya wajen bolt 14 yake bayarwa, namu kuwa yana neman 16, domin abin da ke daidaita cajin shi ma ya samu rauni a daren nan. Wato mun ɗora sabon allo a kan wutar da ba ta da linzami. Da an auna tun farko da ba a yi wannan asarar ba. Kuskuren kwamiti ne da mai gyara tare, kuma shi ya yafe kuɗin aikinsa na zagaye na biyu, abin da ba kowa zai yi ba.

Masu cewa me ya sa muka koma muka sayi allon asali mai tsada, bayan ga sababbin fitilu a kasuwa da kuɗin bai kai haka ba, mun duba su. Jikin tamu alminiyam ne mai kauri, shi ke kwashe zafin ƙwayayen, kuma zafi ne babban abin da ke rage wa LED kwana. Waɗanda muka gani a wannan farashin roba ce marar nauyi, haskensu da rana tsaka da ƙyar ake ganinsa daga nesa. Fitilar da mai mota ba zai hango ta a madubi ba sai an zo gindinsa, ado ce kawai. Sannan jere shida na tamu lafiya lau suke, zubar da su almubazzaranci ne. Ko da sabuwar muka saya, dole a gyara caji, dole a sake waya, in ba haka ba ita ma ta ƙone. Waɗannan biyun ba su da makawa ta kowace hanya, kuma masu lissafin baki ba sa sa su a ciki.

Abin da aka yi ke nan: an canja abin daidaita caji, an ja sabuwar waya mai kauri daga batir zuwa rufi, an sa fis daidai awonsa kusa da batir, an kankare tsatsa a inda wayar ke kama jikin mota, an maye jere biyun, an sake robar bakin murfi don ruwa ya daina shiga. Watanni biyu ke nan tana aiki. Rasiɗai na wurin ma'aji, har da na allon da ya ƙone.

Godiya ta musamman ga dattijon nan da ya biya kuɗin allon asali shi kaɗai, ya kuma roƙi kada a ambaci sunansa. A lokacin da asusu ya yi ƙasa, mu kanmu kunya ta hana mu sake buɗe baki, shi ya kira mu da kansa. Allah ya saka masa da mafificin alheri, ya jiƙan mahaifansa. Haka iyayenmu mata da suka haɗa nasu kafin kowa, da ɗan uwan da ya ara mana motarsa kwana tara ba tare da ya karɓi ko na mai ba.

Sai dai aiki bai ƙare ba. Jiniya ma ta ƙone a wannan daren, har yau direba da oda yake roƙon hanya, kuma a cunkoso mutane kan ji kafin su gani. Fitilun baya biyu ba sa kamawa, ga shi nan ne ake sauke mara lafiya a bakin titi cikin duhu. Muna kuma so a sa batir na biyu don kada a sake jonawa da motar da ba a sani ba. Jiniyar ce ta fi gaggawa, da ita za mu fara. Duk mai niyya ya miƙa wa ma'aji hannu da hannu, kuma don Allah kada ya tashi sai ya karɓi rasiɗinsa.