Zuwa ga ɗana, kafin ka sa hannu a kod ɗin mutane

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau muke, in ban da gwiwar mahaifiyarka da ke tashi duk lokacin da sanyi ya shigo.

Abin da ya sa na ɗauki biro maimakon in jira kiranka na ranar Juma'a, wata magana ce da ƙanwarka ta kawo mini. Ta ce ka gaya mata a waya cewa a sabon wurin aikinka an damƙa maka wata tsohuwar manhaja da aka rubuta da harshen kwamfuta na C, wadda ta girme ka, kuma wai ka bi ta da cflow, ɗan kayan aikin nan da ke nuna wane fankshan (wato guntun kod mai yin aiki guda) ke kiran wane, ka ga kusan rabin fankshan ɗin da ke cikinta babu mai kiransu, saboda haka cikin mako biyu za ka share ta tas. Ita da alfahari take ba ni labarin. Ni kuwa tun daren ban yi barcin kirki ba.

Ba na ganin laifin cflow, domin ni na fara nuna maka shi a tsohuwar kwamfutar nan ta ɗakin zaure. Tun zamanin tsarin kwamfuta na Unix akwai shi, sannan Sergey Poznyakoff ya rubuta na shirin manhajojin kyauta na GNU, wanda ya fito a 2005, kuma shi ne kake amfani da shi yanzu. Idan ka buga cflow *.c a layin umarni, zai fara daga main, wato fankshan ɗin da manhaja ke soma aiki daga gare shi, ya jero duk fankshan ɗin da main ke kira, kowanne ya ɗan turo shi ciki, a ƙarƙashinsa kuma ya jero waɗanda shi ma yake kira, tare da sunan fayil da lambar layin da aka rubuta kowanne. Wanda ke komowa ya kira kansa sai ya sa masa harafin R. Idan jerin ya yi tsawon da ido ba zai iya bi ba, -d 3 zai tsayar da shi a hawa uku, -b zai hana shi maimaita reshen da ya riga ya nuna, -m kuma zai ba ka damar farawa daga inda ka ga dama. Mafi amfani a cikinsu duka shi ne -r, wanda ke juya tambayar, ya gaya maka su wa ke kiran wannan fankshan. Aikin da a da muke kwana biyu muna yi da fensir a bayan takardar firinta, shi yana gama shi kafin ka ajiye kofin shayi.

To amma ka riƙe wannan da kyau: karanta rubutu kawai cflow yake yi, ba ya tayar da manhajar ya ga abin da take aikatawa. Fayilolin da ka ba shi su kaɗai ya sani, don haka idan akwai wata manhaja a wani kundi da ke jingine da fankshan ɗinka, ba zai ce maka uffan ba. Sunayen da suka fara da ƙaramin layin nan na ƙasa yana tsallake su, sai ka ce masa -i _ tukuna. Kiran da aka ɓoye a cikin makro, wato gajeren suna da ke tsayawa a madadin wani guntun kod, ba ya ganinsa sai ka ƙara --cpp, idan kuwa ka ƙara, ɓangaren #ifdef (kod ɗin da ake sawa ko a bari bisa sharaɗi) da ya dace da abin da ka ba shi da -D kaɗai zai nuna maka, sauran su ɓace. Duk waɗannan da sauƙi. Wanda ke hana ni barci shi ne kiran da ake yi ta manuni, inda ake ajiye adireshin fankshan a cikin tebur, sai manhaja tana cikin aiki sannan take zaɓen wanda za ta kira. A layin da kiran ya auku sunan tebur ne a rubuce, sunan fankshan ɗin ba ya wurin ko kaɗan.

Ban taɓa ba ka wannan labarin dalla-dalla ba, ko da yake ka san shekarar da muka bar gidan ma'aikata, kana goye a lokacin. A wurin da nake aiki akwai manhajar lissafin albashi, a cikinta kuma akwai wani ɗan fankshan da bai kai layi ashirin ba, wanda ke lissafa alawus ya mayar da amsa a kwabo. Na ga kamar zai fi tsabta idan yana mayarwa a naira. Na buga cflow -r, ya nuna mini masu kira guda biyu, na gyara su biyun, na gwada, komai ya fita daidai, na tashi na tafi sallar la'asar da farin ciki. Ashe akwai na uku, wanda ke isa gare shi ta teburin ayyukan ƙarshen wata, shi kuwa har yanzu kwabo yake jira. Kompaila, wato mai fassara kod zuwa manhajar da kwamfuta ke iya tayarwa, bai yi gardama ba, tunda lamba ce ke shiga, lamba ce ke fita. Sai ranar biyan albashi. Har gobe ina ganin fuskar wani dattijon masinja da ya tsaya a bakin ƙofar ofishina riƙe da takardar albashinsa, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi: "Ranka ya daɗe, alawus ɗina naira uku na gani." An gyara kuɗin kafin mako ya zagayo, amma yardar da ake yi mini a wurin ba ta sake komawa yadda take ba.

Ka lura, ni ko gogewa ban yi ba. Da goge shi na yi, da kompaila ya kama ni nan take, domin sunan yana cikin tebur. Sauya masa hali na yi, shi ya sa kuskuren ya wuce shiru. Kai kuma da bakinka ka ce za ka goge wasu, ka haɗe wasu, ka sake rubuta wasu, duk a mako biyu, a kan kod ɗin da ba ka san dalilin da ya sa aka rubuta shi haka ba.

A nan dole in gaya maka gaskiya ko za ka ji haushi. Gaggawa halinka ce tun kana yaro, kuma rediyon kakanka shaida ne. Kana da kaifin basira, ban taɓa musun wannan ba, amma ka saba ɗaukar duk abin da ba ka gane ba a matsayin shirmen wanda ya yi shi. Mutanen da suka rubuta wannan manhaja ba wawaye ba ne, kuma ta yi shekaru tana biya wa jama'a bukata kafin ka iya rubuta sunanka. Wa ya taɓa zare azara daga rufin soro don kawai bai ga abin da ke kanta ba? Na san kana cewa na takura maka lokacin da nake sa ka zana wa ke kiran wa da hannunka kafin in bar ka ka kunna kwamfuta, har mahaifiyarka ta sha yi mini magana a kai. Fuskar masinjan nan nake gani a duk lokacin, ba mugunta ba ce.

Ga abin da nake roƙonka. Duk fankshan ɗin da za ka taɓa, bayan cflow -r, ka nemi sunansa da umarnin neman kalma na grep -rn a cikin kundin gaba ɗaya, har da fayilolin .h da Makefile, ka karanta kowane layi da ya fito da idonka, musamman inda sunan ya zo ba tare da baka () na biye da shi ba, domin nan ne ake miƙa adireshinsa. Ka duba shi da cscope ma, wani kayan binciken kod ɗin C, ido biyu ya fi ɗaya. Sannan ka je wurin wanda ya fi kowa daɗewa a ofishin, ka gaishe shi yadda aka koya maka a gida, ka tambaye shi ayyukan da manhajar ke yi sau ɗaya a wata ko sau ɗaya a shekara, domin matambayi ba ya ɓata. Sauyi ɗaya a lokaci ɗaya, ka gwada, ka adana a git, mai ajiye tarihin sauye-sauye, kana ka matsa gaba.

Kada ka ɗauka ban yi murna da aikin nan ba. Ranar da takardarka ta zo, sai da na zagaya masallaci ina gaya wa mutanen da ba su ma san mene ne C ba. So nake ka daɗe a wurin da mutuncinka.

Idan ka'idar ofishinku ta yarda, ka karanta mini hawa uku na farko na jerin a waya ranar Juma'a, mu bi shi tare. Mahaifiyarka ta ce in gaya maka ta ba direban motar Asabar yaji da kuka, ka je tasha da wuri. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka.

Ni ne,
Mahaifinka.